Babi na Shida: Tattasan Difa da Masu Rubuta Gargaɗi

Wanda ya san Difa kafin 2015, da tattasai ya san ta. Idan sanyi ya shiga ka bi gaɓar kogin Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijar da Najeriya ta wannan gefen, shanya za ka yi ta gani ja-jawur a kan rairayi, injinan ban-ruwa na ta ƙugi, mata da yara na tsinka, 'yan dako na ɗinke bakin buhuna. Jan zinare ake ce masa a can. Manyan motoci ke kwasarsa su tsallaka Najeriya, ya bi Maiduguri da Kano har kudu, kuma da naira ake yawancin cinikin. Gaba kaɗan wajen Bosso da Ngigmi, banda ce ke riƙe da gidaje. A kama kifi a Tafkin Chadi, a ƙyafe shi, a shirya a kwali, a loda. Da tattasai da banda ake aurar da 'ya, a sayi magani, a sauke farali.

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka auka wa Bosso da Difa. Gwamnatin Yamai ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Ta hana hawa babur, ta hana cinikin tattasai da na kifi, ta tsaurara sayen mai da takin zamani, ta rufe wasu kasuwanni. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu, wanda ya ci rayukan sojoji da fararen hula da dama, aka ba mazauna tsibiran tafkin wa'adi su tashi. Dubban mutane suka fito a ƙafa cikin zafin bazara, da tsofaffi da masu goyo. Gwamnati tana da hujjarta: mayaƙan na karɓar haraji a hannun masunta da manoma, a kan babur suke kai hari, da taki suke haɗa bam. Aka ce a toshe musu hanyar kuɗi, yunwa ce za ta fito da su.

Abin da dokar ba ta lissafa da shi ba shi ne saurayin da aka karɓe babur ɗin kabu-kabunsa, aka raba shi da komarsa, aka hana shi gonarsa, aka zaunar da shi a bukkar tamfol a bakin kwalta yana jiran tsabar agaji. Idan wani ya zo masa da dare da kuɗi a hannu da alƙawarin babur da na aure, me zai riƙe shi? Soja ba aikinsa ba ne ya yi wannan tambaya, shi umarni aka ba shi. Ɗan siyasa yana tsoron kada a ce yana tausaya wa 'yan ta'adda. Manomin da abin ya shafa kuwa, muryarsa ba ta wuce majalisar ƙofar gida.

A watan Fabrairun 2017 cibiyar nazarin rikice-rikice ta International Crisis Group ta fitar da rahoto kan Nijar da Boko Haram, kuma wannan tambayar ce a tsakiyarsa. Rahoton ya ce ƙarfin soja kaɗai ba zai kashe wutar ba, takunkumin da aka sa wa sana'o'i ya fi gasa talaka a kan mayaƙa, gidajen yari sun cika da waɗanda ake zargi ba a yanke musu hukunci ba, kuma gaba na ta ruruwa tsakanin ƙabilun da ke neman kiwo da su a bakin tafkin. Ya nemi a sassauta. A ƙarshen 2017 aka ɗage takunkumin tattasai, na kifi kuma sai a 2019. Ba zan ɗora wa rahoton yabon da ba nasa kaɗai ba. Mutanen Difa sun yi kuka da bakinsu, ƙungiyar agaji ta Oxfam ma ta yi nata rubutun kan batun a shekarar. Amma takarda ce ta kai lissafin asarar manomin tattasai teburin ministoci da jakadu, cikin harshen da suke saurare.

Su wane ne waɗannan masu rubutu? Asalin cibiyar daga yaƙin Bosniya ne. A watan Janairun 1993 wani tsohon jakadan Amurka, Morton Abramowitz, da wani Bature ɗan Birtaniya, Mark Malloch-Brown, suna cikin jirgi sun baro Sarayebo da aka yi wa ƙawanya, suka fara tunanin kafa wata ƙungiya da za ta riƙa faɗakar da gwamnatoci tun wuri. Kisan ƙare-dangi na Ruwanda a 1994 ya ƙara musu hujja, domin an ga alamu a fili, aka yi kunnen uwar shegu da su. A 1995 aka kafa ta, attajiri George Soros na cikin waɗanda suka zuba kuɗin farko, kuma Saliyo da Bosniya na cikin wuraren da ta fara aiki. Hedkwatarta na Brussels a Beljiyam. Tun watan Disambar 2021 Dakta Comfort Ero ke shugabancinta, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta kuma fara aiki da cibiyar a 2001 a matsayin mai kula da Afirka ta Yamma.

Ba su da soja, ba sa rabon shinkafa, ba sa gina asibiti. Tambaya ce jarinsu. Ni idan na ɗauki rahotonsu, ƙasan shafi nake fara dubawa, inda ake nuna daga ina magana ta fito. Nan za ka ga an rubuta cewa hira ce da wani masunci, ko wani jami'in tsaro, ko tsohon mayaƙi, ko matar da ta tsero daga daji, sai sunan gari da wata da shekara. Ba a sa sunan mutum, domin suna na iya jawo masa kabari ko kurkuku. Layi ɗaya ne a takarda, amma a bayansa akwai mai binciken da ya nemi wanda zai tsaya masa, ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya sha ruwan da aka kawo masa, ya yi gaisuwa har ta ƙare, ya jira mai gida ya gama auna shi kafin a taɓo maganar da ta kawo shi. Abin da ya ji a sansanin 'yan gudun hijira zai kai shi gaban kanar, abin da kanar ya musa zai koma ya tambayi direban da ke bin hanyar kullum. Wata da watanni ake yi a haka. Aikin kuma yana da haɗari. Ma'aikacinsu Michael Kovrig ya kwashe kwana fiye da dubu a tsare a Sin, daga Disambar 2018 zuwa Satumbar 2021.

Idan an gama rubutu, editoci sun tace, rahoto kan zo da shawarwari, kowace da wanda aka nufa da ita: wannan ta gwamnatin tarayya ce, wannan ta gwamnoni, wannan ta Tarayyar Afirka, wannan ta ƙasashe masu ba da tallafi. Sannan a ɗauki takardar a shiga bin ofisoshi a Abuja da Yamai da Adis Ababa da New York, domin rahoton da ba a bi shi da ƙafa ba a kan kanta yake tsufa. Tun 2003 kuma suke fitar da CrisisWatch kowane wata, taƙaitaccen bayani kan inda al'amura suka ƙara lalacewa a duniya da inda suka lafa.

Ranar 3 ga Afrilun 2014 suka fitar da dogon rahoto kan Boko Haram. Ya bi sawun ƙungiyar tun daga wa'azin Muhammad Yusuf a Maiduguri da cuɗanyarta da siyasar Borno, zuwa kashe shi a hannun 'yan sanda a ƙarshen Yulin 2009. Ya nemi a hukunta waɗanda suka yi wannan kisan, a daina kamun kan-mai-uwa-da-wabi da ke sa jama'a ƙin jami'an tsaro, a kafa hukuma ta musamman don raya arewa mai nisa, a haɗa kai da maƙwabta a kan iyaka. Kwana goma sha ɗaya bayan fitowarsa aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Dokar kafa hukumar raya arewa maso gabas sai a 2017 aka sa mata hannu, ta arewa maso yamma sai a 2024.

Rahoton da ya fi tsaya mini a rai shi ne na watan Mayun 2019, kan ɓangaren da ya ɓalle daga Shekau, jagoran Boko Haram, a 2016, wanda ake kira ISWAP. Ya ƙiyasta mayaƙansu tsakanin 3,500 zuwa 5,000. Amma ba yawan ne abin tsoro ba. Masu binciken sun gano cewa ƙungiyar na haƙa rijiyoyi, tana ba da ɗan magani, tana hukunta ɓarayin shanu, tana ladabtar da mayaƙinta idan ya zalunci ɗan ƙauye, sannan tana barin masunci ya yi su, makiyayi ya yi kiwo, ta karɓi harajinta. Wato sana'ar da gwamnatoci suka rufe wa ƙofa, ita ce 'yan ta'adda suka buɗe wa taga, suka kuma ci ribarta biyu: kuɗi da bakin jama'a. Masu kisa ne, kuma rahoton bai ɓoye haka ba, su ne suka murƙushe sansanin soja na Metele a Nuwambar 2018. Akwai waɗanda suka ji haushi, suka ce rubuta irin wannan tamkar yi wa abokan gaba talla ne. Ban yarda da su ba. Likitan da ya ɓoye wa majiyyaci girman ƙarin da ke cikinsa bai taimake shi ba. Gwamnatin da ba ta san dalilin da ya sa masunci ke komawa tsibiri don kansa ba, za ta yi ta jefa bam a kan ruwa ba tare da ta karɓe tsibirin ba.

Wani amfanin irin wannan cibiya shi ne tana kallon tafkin a matsayin abu guda. Jami'in Abuja iyakar ganinsa Borno da Yobe, na Yawunde arewa mai nisa ta Kamaru, na Njamena lardin tafki, na Yamai Difa. Mayaƙi kuwa bai san iyaka ba, haka ma masunci da ɗan kasuwar shanu. Tsakanin ƙarshen 2016 da farkon 2017 cibiyar ta bi ƙasashen ɗaya bayan ɗaya da rahoto, ta kuma haɗa su a wani nazari kan 'yan sa-kai, ciki har da 'yan kato-da-gora da suka tashi a Maiduguri a 2013. Ta yaba musu kan korar mayaƙa daga cikin gari, ta kuma yi gargaɗin cewa matashin da aka ba makami da ikon kama mutum, idan ba a tanadar masa sana'a da doka ba, gobe shi ne matsalar. A Yulin 2020 ta duba rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin mai hedkwata a Njamena, watanni kaɗan bayan harin Bohoma da ya kashe sojojin Chadi kusan ɗari. Ta tarar rundunar na da amfani, amma kowace ƙasa na riƙe da linzamin sojojinta, kuɗi na zuwa a makare, a kori mayaƙa daga wuri a janye su dawo. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga rundunar.

Yanzu mai karatu ya biyo ni Zamfara. A Mayun 2020 cibiyar ta yi rahoto kan arewa maso yammacin Najeriya, ta ce an kashe mutum fiye da 8,000 tun daga 2011, an raba fiye da 200,000 da gidajensu, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Ta bi tushen abin: cinye burtali da makiyaya, satar shanu, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga, haƙar zinare, makaman da ke kwararowa ta kan iyaka. Ta yi gargaɗin cewa yankin na iya zama gada tsakanin masu iƙirarin jihadi na Tafkin Chadi da na Sahel. Wata bakwai bayan nan aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara, sai na Jangebe a Fabrairun 2021. A Nuwambar 2024 hedkwatar tsaron Najeriya da kanta ta sanar da ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi.

To wane mataki aka ɗauka a watan Satumbar 2021? Aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka hana safarar dabbobi, aka taƙaita hawa babur, maƙwabtan jihohi suka bi sahu da irin nasu. Kusan maganin Difa ne aka sake dafawa, shekara shida bayan an ga yadda ya yi wa Difa. Mai sayar da akuya ɗaya don ya sayi tiyar hatsi ya rasa kasuwa, ƙauyen da aka kawo wa hari ya rasa wayar neman ɗauki, ɗan bindiga kuwa ya nemi wata hanyar mai da wani layin. Daga baya aka janye matakan, ta'addancin yana nan. Ina iya cewa da wuya a sami mutum goma cikin waɗanda suka yanke wannan shawara da suka taɓa jin labarin tattasan Difa, alhali labarin na rubuce, kyauta, a intanet.

Aka sake maimaitawa a babban mataki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar. ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka yi barazanar tura soja. Motocin albasa da na magani suka yi layi a Illela da Jibiya da Maigatari, 'yan uwan da ke kwana a gefe ɗaya su yi kasuwa a ɗaya gefen suka koma bin ɓarauniyar hanya. Sarakuna da malamai da sanatocin arewa suka tashi tsaye kan kada a yi yaƙi. A watan Disambar shekarar cibiyar ta rubuta cewa takunkumin ya fi cin talaka a ƙasashen biyu, bai kuma girgiza sojojin Yamai ba, don haka a sake lale. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage shi. Hamɓararren shugaba Bazoum bai koma kujera ba, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS.

Duk da wannan, ba na son mai karatu ya ɗauki cibiyar a matsayin waliyyiya. Yawancin kuɗinta daga gwamnatocin Turai da makamantansu da gidauniyoyin attajirai yake fitowa, kuma wanda ya ce yana zargin mai ciyarwa na da tasiri a kan mai rubutu bai yi hauka ba. Shawarwarinta wani lokaci kan yi faɗi har su rasa abin kamawa, irin a gyara mulki, a yaƙi cin hanci, maganar da kowa zai gyaɗa wa kai ba wanda zai motsa. Mai bincike kuma ba ya isa ko'ina. Inda hanya ta yi muni da bakin wanda ya fito yake dogara, kuma wanda ya fito yana da nasa dalilin faɗin abin da ya faɗa. Ma'aunin da nake bi shi ne in ajiye rahoto shekara uku ko biyar, in dawo in gwada shi da abin da ya faru. A kan Difa da tafkin da Zamfara, sun fi ci fiye da faɗuwa.

Abin da ya fi damuna daban ne. Da Kanuri da Hausa da Fulatanci aka yi waɗancan hirarrakin, amma da Turanci da Faransanci rahoton ke fita. Masuncin da ya ba da labarinsa ba zai taɓa sanin abin da aka yi da shi ba. Hakimi da limami da shugaban 'yan kasuwar hatsi da ɗan majalisar jiha, waɗanda su ne ke zaune a ɗakin da ake yanke shawarar rufe kasuwa, abin da ke isa gare su bai wuce minti biyu a labaran rediyo ba. Ilmin ciwonmu a bakinmu ake ɗebo shi, a sarrafa shi a nesa, ya dawo mana a rufe.

Ba kuma don ba mu da gidajen yin aikin ba. Cibiyar nazarin harkokin ƙasashen waje ta Najeriya tana Legas tun 1961, kuma Bolaji Akinyemi da Ibrahim Gambari da Joy Ogwu duk sun shugabance ta kafin su zama ministocin harkokin waje. Akwai cibiyar Kuru tun 1979, akwai Arewa House a Kaduna da Gidan Mambayya a Kano, akwai LASDEL a Yamai, akwai jami'o'i a Maiduguri da Difa da Maraɗi da Sakkwato. A 2021 wani masanin tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Dakta Murtala Ahmed Rufa'i, ya gabatar da binciken da ya yi ta hanyar zama da 'yan bindigar Zamfara kansu, kuma har masu nazari na ƙetare na dogara da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da malamanmu suka rasa shi ne kuɗin mota da masauki na wata shida, da kariya idan sun faɗi abin da bai yi wa mai mulki daɗi ba, da wanda zai ɗauki takardar ya bi ta da ƙafa.

Kirana ga gwamnonin jihohin kan iyaka, na Najeriya da na Nijar, shi ne kafin a sake rufe wata kasuwa ko a katse wani layi da sunan tsaro, a kira waɗanda suka yi nazarin Difa da Zamfara a tambaye su me ya biyo baya. Attajiranmu da ke gina masallatai da asibitoci, Allah Ya saka musu, su ware wani abu su ɗauki nauyin masu bincike biyar ko goma a jami'o'inmu, ba tare da sun sa musu baki ba. Gidajen rediyonmu su ba rahoto guda sa'a guda, a karanta shi da Hausa da Kanuri da Fulatanci, a buɗe layi manomi da makiyayi su ce ga inda aka yi daidai, ga inda aka yi kuskure. Kai kuma ɗalibi da ke riƙe da wannan littafi, idan kana jin Turanci ko Faransanci, ka sauke ɗaya daga cikin rahotannin nan a wayarka, ka zauna da mahaifinka ko mai unguwarku ka fassara masa, ka ji abin da zai ce.